Teburin Da Aka Hana Tsoho Zama: Tarihin Wariya Da Tsangwama A Gidajen Tsofaffi

 

A shekarar 2011, a birnin Norfolk da ke jihar Virginia ta ƙasar Amurka, hukumar wani katafaren gidan tsofaffi mai suna Harbor's Edge ta fito da sabuwar doka. Gidan yana da sassa uku: sashen tsofaffin da ke iya yi wa kansu komai, sashen waɗanda ke bukatar a taimaka musu wajen wanka da sa tufafi, sai kuma sashen jinya. Dokar ta ce daga yanzu babban ɗakin cin abinci na mutanen sashen farko ne kaɗai. Wannan ya sa mijin da ke da sauran ƙarfi ba ya iya zama da matarsa a teburin da suka saba, saboda ita an mayar da ita sashen jinya. Hukumar ta kafa hujja da cunkoso da kuma kare lafiyar marasa ƙarfi. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, a cikin tsofaffin sashen farko an samu waɗanda suka goyi bayan dokar. Rigimar ta kai gaban Ma'aikatar Shari'a ta Amurka, kuma a 2015 aka sasanta a kan gidan zai biya dala 390,000 ya kuma gyara dokokinsa.

Mu da muka taso a inda tsohuwa ke da ɗakinta a tsakar gida, jikoki na shiga suna fita, za mu iya jin wannan labari mu ce ai halin Turawa ne. To amma tambayar da ke cikinsa ta fi ƙarfin Turawa. Yaya za a yi mutanen da abu ɗaya ya tara su a gida ɗaya, wato tsufa, su koma suna ƙyamar juna saboda wannan tsufan? Amsar da muka samu a tarihi ita ce, gidajen tsofaffi tun asalinsu an gina su ne a kan tantance wanda ya cancanta da wanda bai cancanta ba. Ma'aunin ya yi ta canzawa daga zamani zuwa zamani, amma ba a taɓa ajiye shi ba, har mazauna gidajen suka karɓe shi daga hannun hukuma suna auna junansu da shi.

RIGA BIYU A GIDA ƊAYA

Bari mu fara daga Ingila, domin a can ne rubuce-rubucen wannan tarihi suka fi yawa, kuma daga can ne Amurka ta ɗauki tsarinta. A garin Winchester akwai wani gidan sadaka mai suna St Cross, wanda babban limamin cocin garin, Henry na Blois, ya kafa tsakanin 1132 da 1136. An kafa shi ne don ya ɗauki matalauta goma sha uku waɗanda ƙarfinsu ya ƙare, a kuma riƙa ciyar da wasu ɗari a bakin ƙofa kullum. Bayan kimanin shekara ɗari uku, wajen 1445, wani babban malamin coci mai suna Beaufort ya ƙara wani sashe a gidan, na mutanen da suka taɓa riƙe arziki ko muƙami sannan duniya ta juya musu baya. Sunan da aka sa wa sashen yana nufin talauci mai daraja. Har yau gidan yana nan da tsofaffi a ciki, kuma har yau riguna biyu ake sawa: 'yan asalin gidan baƙar riga, 'yan sashen Beaufort jar riga. Duk wanda ya shiga harabar zai gane daga nesa wane tsoho ne na wane sashe.

Wannan bambanci mai sauƙi ne idan aka kwatanta da abin da ya zo daga baya. Dokar matalauta ta 1601 ta ɗora wa kowace gundumar coci nauyin ciyar da gajiyayyunta daga harajin da ake karɓa a hannun masu gidaje da gonaki. Masu biyan harajin kuwa ba su daina ƙorafi ba cewa ana ciyar da ragwaye da guminsu. Don haka a 1697 majalisa ta yi dokar da ta tilasta wa duk mai karɓar tallafi ya liƙa wani ƙyalle ja ko shuɗi a kafaɗar rigarsa ta dama, ɗauke da harafin P, wato harafin farko na kalmar da ke nufin fakiri, tare da harafin farko na sunan gundumarsa. Wanda ya ƙi sawa ana iya yanke masa tallafin, ko a kai shi gidan horo. Manufar a fili take: a sa karɓar taimako ya zama abin kunya, yadda sai wanda wuya ta kai masa iya wuya zai nema. Ba a soke wannan doka ba sai a 1810.

GIDAN DA TSOFAFFI KE TSORO FIYE DA YUNWA

A 1834 aka yi sabuwar dokar matalauta, wadda ta mayar da gidan aikin matalauta ginshiƙin tsarin gaba ɗaya. Ƙa'idar da aka ɗora ta a kai ita ce, rayuwar wanda ke cikin gidan dole ta fi ta lebura mafi ƙarancin albashi a waje wahala, don kada kowa ya yi sha'awar shiga. Da an karɓi mutum sai a karɓe tufafinsa a ba shi na gidan, a kuma kai shi ajinsa. Aji bakwai ne: tsofaffi da marasa lafiya maza, maza masu ƙarfi, yara maza, tsofaffi da marasa lafiya mata, mata masu ƙarfi, yara mata, sai ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara bakwai. Kowane aji da ɗakinsa da farfajiyarsa, katanga a tsakani. Miji da matar da suka shekara arba'in tare, ranar da suka shiga ita ce ranar da aka raba musu makwanci. Sai a 1847 doka ta yarda ma'auratan da suka haura shekara sittin su nemi ɗaki ɗaya, kuma ba kowane gida ne ya tanadi irin ɗakunan ba. Idan mun tuna da teburin Norfolk, za mu ga cewa raba tsofaffin ma'aurata da sunan tsari ba sabon abu ba ne.

An gina waɗannan gidaje ne don a tsorata matasa masu ƙarfi su nemi aiki, amma da tafiya ta yi tafiya sai suka cika da tsofaffi da marasa lafiya, waɗanda ba su da inda za su. Kunyar da aka tanada don ragwaye sai ta faɗa a kan manomin da ya yi shekara hamsin yana noma gonar wani. Ko mutuwa ba ta wanke wannan kunya ba. Dokar 1832 ta ba makarantun likitanci damar karɓar gawar duk wanda ya mutu a irin waɗannan gidaje ba a sami mai karɓar ta ba, don ɗalibai su koyi fiɗa. Saboda wannan tsoro talakawan Ingila suka riƙa zuba kuɗi kowane mako a ƙungiyoyin adashen jana'iza, ko da kuwa za su rage abinci. Kunyar ta kai ga a 1904 aka ba da umarnin a daina rubuta sunan gidan a takardar haihuwar jaririn da aka haifa a ciki, a sa wani adireshin titi a maimakonsa.

Da jama'a suka fara jin nauyin abin da ake yi wa tsofaffi, maganin da hukuma ta kawo shi ne ƙarin tantancewa. A ƙarshen ƙarni na 19 aka fara ba gidajen shawarar su ware tsofaffi masu kyakkyawan hali daga sauran, a ba su ɗan shayi da taba da damar fita yawo. Wato a cikin ajin tsofaffi ma an sake yin aji, kuma ma'aikatan gida ne ke yanke hukuncin wane ne mutumin kirki. Fanshon tsufa na farko da gwamnati ta kafa a 1908 shi ma ya zo da nasa ma'aunin. Sule biyar ne a mako ga wanda ya kai shekara saba'in, amma babu rabon wanda bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba, ko wanda aka ce ya saba ƙin yin aiki. Abu ɗaya da masu tsara shi suka yi da hikima shi ne biyan kuɗin a gidan waya, inda kowa ke zuwa, don kada a ga tsoho a layin jami'in matalauta.

A 1948 aka soke tsohuwar dokar matalauta baki ɗaya, aka yi alkawarin ƙananan gidaje inda tsoho zai zauna kamar baƙo a masauki yana biyan kuɗinsa daga fansho. Amma da masanin zamantakewa Peter Townsend ya zagaya gidaje 173 a Ingila da Wales, ya wallafa sakamakon a 1962, sai ya tarar da dubban tsofaffi har lokacin suna cikin tsofaffin gine-ginen nan, allon ƙofa kawai aka canza. Ya kuma lura da wani abu mai ban tausayi: mutane suna kwana da yawa a ɗaki ɗaya, gado kusa da gado, amma ƙalilan ne ke da aboki na kusa a cikinsu.

AMURKA: GIDAN 'YAN MUTUNCI DA GIDAN KOWA DA KOWA

Turawan da suka ƙaura zuwa Amurka sun tafi da wannan tsari. Kowace ƙaramar hukuma tana da gidan matalautanta, inda ake haɗa tsoho da maraya da mashayi da mai taɓin hankali a rufi ɗaya. A ƙarni na 19 matan coci masu hali suka ga bai dace a kai tsohuwar da suka sani, wadda mijinta ya mutu ya bar ta ba komai, ta ƙare rayuwarta a cikin wannan taro ba. Sai suka fara gina gidaje na musamman, kamar wanda ƙungiyar taimakon zawarawa da matan da ba su yi aure ba ta kafa a Philadelphia a 1817, da wanda aka buɗe a Boston a 1850. Niyyar ta alheri ce, amma ƙofar ƙunci gare ta. Ana neman shaidar kyakkyawan hali daga mutanen da aka sani, a wurare da yawa ana biyan kuɗin shiga, kuma gidan Boston an yi shi ne don matan da aka haifa a Amurka, a lokacin da baƙi 'yan ƙasar Ireland suka cika gidan matalautan birnin. Daga baya kowace al'umma ta gina nata: Jamusawa, Yahudawa, Katolika, baƙaƙen fata da aka rufe wa ƙofar gidajen farare.

Sakamakon shi ne duk wanda ya rage a gidan gwamnati an ɗauke shi a matsayin wanda babu mai so. Aka kwashe marayu zuwa gidajen marayu, aka kwashe masu taɓin hankali zuwa asibitocinsu, har zuwa 1923 kusan kashi biyu bisa uku na mazauna gidajen matalauta tsofaffi ne. Ƙyamar waɗannan gidaje ta yi ƙarfin da ta sa dokar tallafin jama'a ta 1935, wadda Shugaba Roosevelt ya sa wa hannu, ta hana biyan tallafin tsufa ga duk wanda ke zaune a gidan gwamnati. Ana so a kashe gidajen ne, kuma sun mutu. Tsofaffi suka fita da 'yan kuɗinsu suka kama haya a gidajen 'yan kasuwa masu ba da ɗaki da abinci da ɗan kulawa, kuma daga nan ne kasuwancin gidajen jinyar tsofaffi ya samo tushe. Ya ƙara bunƙasa bayan 1965, lokacin da gwamnati ta kafa shirye-shiryen biyan kuɗin lafiya na Medicare da Medicaid.

LOKACIN DA LAFIYA TA ZAMA SABON MA'AUNI

Bayan yaƙin duniya na biyu sai ga wani sabon irin tsoho: mai fansho, mai mota, mai sauran ƙarfi. 'Yan kasuwa suka gano shi. Ranar 1 ga Janairun 1960 kamfanin Del Webb ya buɗe garin Sun City a jihar Arizona, gari sukutum na waɗanda suka yi ritaya, kuma kimanin mutum dubu ɗari ne suka je kallo a kwanakin farko. Abin da ake tallatawa shi ne wasanni da ninƙaya da raye-raye, tsufa ba tare da alamun tsufa ba. Daga nan ma'aunin ya sauya. A da ana tambayar halin mutum da asalinsa, yanzu kuma ana duba yadda yake tafiya da yadda yake tuna sunaye. Wanda ya sayi gida a wurin da aka sayar masa da alkawarin ƙarfi da walwala, ganin keken guragu a ƙofar maƙwabci yana ɓata masa abin da ya biya.

Su ma mutanen waje ba su bar tsofaffin sun huta ba. A 1969 mazauna wata unguwar masu hali a birnin Washington suka tayar da ƙura don an ce za a mayar da wani bene gidan tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi, da yawansu baƙaƙen fata. A kan wannan rigima ce likitan ƙwaƙwalwa Robert Butler ya ƙirƙiro kalmar Turancin da ake amfani da ita har yau don wariyar shekaru, yana kwatanta ta da wariyar launin fata.

A wannan zamani ne masu bincike suka fara shiga gidajen suna zama da tsofaffin don su ga rayuwarsu ta yau da kullum. Arlie Hochschild ta yi shekara uku tana aiki a wani ƙaramin bene kusa da San Francisco, mai mazauna arba'in da uku, yawancinsu zawarawa, ta wallafa littafinta a 1973. Ta tarar da zumunci na gaske: suna leƙa juna, suna lura da labulen da ba a ɗaga ba da safe, suna kai wa mara lafiya abinci. Amma ta kuma gano wani tsani na daraja da aka gina a kan sa'a. Wadda ke da lafiya, ko ƙarancin shekaru, ko 'ya'ya a kusa, tana sama. Idan za ta ambaci wadda ba ta da waɗannan sai ta haɗa da wata kalmar tausayi, irin yadda mu za mu ce "Allah sarki, baiwar Allah". Kalmar kullum ƙasa take gangarawa, ba ta hawa sama. Mazauna benen suna faɗin ta ga waɗanda ke gidan jinya, su kuma na gidan jinya masu iya tafiya suna faɗin ta ga waɗanda ke kwance. Kowa ya samu wanda zai tausaya wa, don ya tabbatar wa kansa cewa shi bai kai can ba tukuna.

A Faransa kuma, Jennie Keith Ross ta zauna shekara guda a wani gida kusa da Paris da aka gina wa ma'aikatan gine-gine da suka yi ritaya da matansu, littafinta ya fito a 1977. A can siyasa ce ta raba gidan biyu: 'yan gurguzu da masu adawa da su. Zaɓen kwamitin mazauna da shagulgulan gida duk a kan wannan layi suke tafiya, kuma teburin da sabon zuwa ya samu a ɗakin cin abinci yana da babban tasiri a kan waɗanda za su zama mutanensa. Mutum ba ya ajiye tarihinsa a bakin ƙofa don ya tsufa. Gabar da ya yi shekara arba'in yana yi a wurin aiki da ita yake shiga.

Gidaje masu sassa uku irin na Norfolk sun ƙara wa wannan tsani ƙarfi, domin sun mayar da shi gini. Tetyana Shippee, wadda ta zauna kusan shekara biyu a irin wannan gida ta wallafa bincikenta a 2009, ta nuna yadda mazauna ke kallon sauya sashe a matsayin faɗuwar daraja, da yadda zumunci ke yankewa da zarar an mayar da mutum sashen taimako, ko da tazarar ba ta wuce tafiyar 'yan mintuna ba. Idan hukuma ce ke yanke hukuncin ranar da za a sauya maka sashe, dole ka koyi ɓoye rauninka. Mutum zai faɗi a banɗaki ya yi shiru, ya bar sandarsa a ɗaki ya dafa bango, ya kuma nisanci abokin da ya fara ruɗewa don kada a haɗa su a lissafi ɗaya.

Abin ba ya tsayawa a kan kujera da gulma. Wani bincike da Mark Lachs da Karl Pillemer da abokan aikinsu suka wallafa a 2016 ya bi mutum 2,011 a gidajen jinya goma na jihar New York. A cikin wata guda, mutum ɗaya cikin biyar ya fuskanci wani nau'in cin zarafi daga ɗan uwansa mazaunin gida, mafi yawa zagi da tsawa, sai shiga ɗaki ba izini da taɓa kaya, har da duka.

KADA MU YI WA TSOFAFFIN RASHIN ADALCI

Ba kowane rukuni ne zalunci ba. Masaniyar halayyar ɗan Adam Laura Carstensen ta jami'ar Stanford ta daɗe tana nuna cewa idan mutum ya ga sauran lokacinsa ya ragu, yakan rage yawan abokai ya riƙe 'yan kaɗan da zuciyarsa ta natsu da su. Wannan hankali ne, kuma mu ma mun san shi. Kowace majalisar dattawa a ƙofar gida tana da mutanenta, kowa ya san wurin zamansa a kan tabarma, kuma baƙo ba ya zuwa ranar farko ya zauna a wurin mai gida. Bambancin shi ne, wanda majalisa ba ta karɓe shi ba yana iya tashi ya koma wata, ko ya shiga gida wurin iyalinsa. Tsohuwar da aka ce wa kujerar nan da mai ita a ɗakin cin abincin gidan tsofaffi ba ta da wani ɗakin. Gobe da safe nan za ta dawo, jibi ma haka, har ƙarshen rayuwarta.

Sannan mu dubi abin da mai korar ya rasa kafin ya zo nan. Ya bar gidansa, ya bar aikinsa, wataƙila ya binne matarsa, an karɓe makullin motarsa. A duk duniya abin da ya rage yana da iko a kai shi ne kujera ɗaya kusa da taga da mutum uku da yake cin abinci da su. Wannan ba ya halatta wulaƙanci, amma yana nuna mana inda gyara yake. Gidan da ya tara mutane masu yawa a wuri kaɗan, ya hana su ikon komai, ya kuma sa rauni ya zama dalilin kora, shi ne ya shuka abin da ake girba a teburin.

INA MUKA DOSA?

Ba Turawa kaɗai suka gina irin waɗannan gidaje ba. A 1896 Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na Biyu ya buɗe Darul Ajaza a Istanbul, bayan birnin ya cika da 'yan gudun hijira da mabarata sakamakon yaƙin daular da Rasha na 1877 zuwa 1878. Gidan yana aiki har yau, kuma a harabarsa akwai masallaci da coci da wurin ibadar Yahudawa, don kada addinin mutum ya hana shi mafaka. Ma'anar sunansa daidai take da sunan da muke kiran irin wannan wuri da Hausa, wato gidan gajiyayyu. Mu tsaya mu saurari sunan da kyau. Wane dattijo ne zai so a ce can yake? A wurinmu kunyar ta kasu biyu: ta tsohon da za a ce ba shi da kowa, da ta 'ya'yan da za a ce sun yar da shi. Addininmu da al'adarmu sun ɗora kula da iyaye a wuyan 'ya'ya, kuma muna roƙon Allah ya bar mu a kan haka.

Sai dai fata ba ya hana lissafi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen cewa zuwa 2050 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai haura shekara 65, alhali a 2019 ɗaya ne cikin goma sha ɗaya. A Najeriya an sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, ta fara aiki a 2021. Babban gidan gandu yana raguwa, 'ya'ya suna Abuja da Legas da ƙasashen waje, rikici ya raba dubban tsofaffi da garuruwansu, kuma akwai waɗanda Allah bai ba haihuwa ba. Ko mun so ko mun ƙi, za a ƙara gina wuraren da tsofaffi za su zauna tare, ko gwamnati ta gina ko masu wakafi ko 'yan kasuwa.

Kuma kada mu ɗauka ba mu da namu ma'aunin. Mun san yadda ake kallon tsohuwar da ba ta haihu ba. Mun san sau nawa tsohuwar da gigin tsufa ya kama, tana surutai tana fita da dare, ake laƙaba mata maita maimakon a kai ta asibiti. Mun san bambancin da ake yi tsakanin ɗan gari da baƙo, da tsakanin mai asali da wanda ake yi wa gorin asali. Duk waɗannan za su bi tsofaffinmu zuwa duk ginin da muka kai su, kamar yadda siyasa ta bi magina zuwa gidansu na kusa da Paris.

Don haka idan ranar ta zo, tarihin nan ya bar mana abubuwan da za mu duba. Kada a raba miji da mata don ɗaya ya riga ɗaya rauni. Kada a yi ɗakin cin abinci ko wurin salla da mai keken guragu ba zai shiga ba. Kada a sa wa masu cin sadaka wata alama, ko riga ko layi ko sashe, da za ta bambanta su da masu biya. A sa wanda zai karɓi sabon zuwa ya zaunar da shi cikin mutane tun ranar farko. A gina gidan a cikin unguwa, kusa da masallaci da kasuwa, inda yara za su riƙa shiga, yadda wanda bai samu shiga a wata majalisa ba zai samu wata. A kuma koya wa ma'aikata da mazauna cewa ruɗewar tsufa ciwo ne kamar hawan jini.

Kafin a kai ga gini ma, akwai tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe a gidajenmu yau, wadda ake aika wa abinci amma an daina zama a ci tare da ita tun da ta fara maimaita magana. Wannan ma teburi ne da aka hana ta.

Muna son jin ta bakinku, musamman waɗanda suka taɓa aiki a gidan gajiyayyu ko suke jinyar tsoho a gida: me kuka gani, kuma me ya taimaka? Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda ke raye, ya sa mu yi kyakkyawan ƙarshe. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.